Belin Hephzibah

Kun san ta. Kada wani ya ce mini bai san ta ba. Duk wanda ya taɓa bi ta layin bayan coci a Trikania da yamma ya ga wata 'yar yarinya zaune a bakin ƙofa, baki buɗe, leɓɓa a tsattsage, tana kallon masu wucewa. Wasunku sun yi dariya. Wasunku sun ce, "Ke, rufe bakin nan kafin ƙuda ya kama haya a ciki." Masu kirkin cikinku kuwa kau da kai suka yi, suka ce sakarci ne, za ta daina in ta girma. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa abin da ya hana yarinya shaƙar iska ta hanci kamar kowa.

Sunanta Hephzibah, a gida ana ce mata Hefsi. Shekararta bakwai. Mahaifinta Jethro yana tuƙa keke napep tsakanin Kakuri da Unguwar Mu'azu, mahaifiyarta Dorcas tana sayar da kayan miya a kasuwar Kakuri. Tare da su akwai mahaifiyar Jethro, Kaka Abigail, wadda ta dawo wurinsu da zama bayan rasuwar mijinta.

Tun Hefsi tana ƙarama bakinta ba ya rufuwa. In tana cin tuwo sai ta tsaya a tsakiyar loma ta ja iska. In ta yi magana muryarta kamar ta mai murar da ba ta warkewa. Haƙoranta na sama sun fara turowa gaba. Da safe matashinta jiƙe da yawu, tabarmarta kuma sau da yawa jiƙe da fitsari. Jethro yakan ɗalle mata leɓe da yatsa ya ce, "Rufe!" Sai ta rufe, ta riƙe, idanunta su firfito kamar wadda aka danna a ruwa, sannan bakin ya sake buɗewa da kansa. Shi a ganinsa taurin kai ne.

Kaka Abigail ce kaɗai ba ta taɓa dukanta a kan haka ba. Tsokana ce tsakaninsu.

"Ƙawata mai injin niƙa," in ji Kaka. "Jiya gero kika niƙa ko dawa? Har maƙwabta sun kawo ƙara."

"Kaka, naki minsharin ya fi janareton coci."

"Ji marar kunya! Ni tsohuwa ce, ina da lasin. Ke wa ya ba ki?"

A makaranta Hefsi ce ta ƙarshe a aji. A kira ta, ba ta waiwayowa sai an daka tsawa. Da an dawo daga hutun tara sai ta kifa kai a tebur ta yi barci. Malaman baya sun ba ta bulala har sun gaji. Da aka kawo sabuwar malama, Anti Mercy, ita ma ta ɗauko bulalar wata rana, ta tsaya a kan yarinyar. Sai ta ji minsharin ya yanke. Ƙirjin Hefsi yana ɗagawa, yana faɗawa, amma iska ba ta shiga. Malamar ta tsaya da bulala a hannu tana jira. Can sai yarinyar ta zabura da wani irin gurnani, ta ja numfashi, ta koma barci.

Da aka tashi, Anti Mercy ta bi Dorcas har rumfarta a kasuwa.

"Maman Hefsi, 'yarki ba daƙiƙiya ba ce. Barci ne ba ta samu. Numfashinta yana tsayawa, da idona na gani."

"Haka take tun tana ƙarama, Anti. Mun saba."

"To ku daina sabawa. Ki kai ta wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Ba kemis ba, asibiti."

Dorcas ta kai ta. Suka wuni a layi, aka ɗauki hoton wuyan yarinyar, sannan suka shiga wurin likita, wata mace mai tabarau wadda ta haska bakin Hefsi da fitila, ta leƙa hancinta da kunnuwanta.

"Abubuwa da yawa kan toshe wa yaro hanci," in ji likitar. "Wani jikinsa ne ba ya shiri da ƙura ko hayaƙi. Wani ƙashin tsakiyar hancin ne ya karkace. Wani ma ƙwayar wake ya cusa ba a sani ba. Ta 'yarki daban ce. Akwai wata tsoka can bayan hanci, ba a ganinta in an buɗe baki. Kowane yaro yana da ita, amma tata ta kumbura ta rufe hanya. Ga kuma waɗannan biyun na gefen maƙogwaro, su ma sun girma. Shi ya kawo minsharin da gyangyaɗin rana. Kunnenta ma ruwa ya taru a bayansa, shi ya sa ba ta ji sosai."

"Yesu! Duk dukan da ta sha."

"In ta rufe baki ta ina za ta sha iska? Zan ba ku maganin fesawa a hanci da ruwan gishiri na wanke shi. Wasu yaran wannan ya ishe su. Ita sai an yi mata tiyata an cire tsokar. Ba babban aiki ba ne, kullum muna yi. Amma akwai mutane gabanku, sai bayan Ista."

Dorcas ta ce, "Likita, surukata ta ce beli ne."

Likitar ta ajiye fitilar. "Kin ga ɗan naman nan mai reto a tsakiya? Shi ne belin. Lafiyarsa ƙalau. Ko an yanke shi hancinta ba zai buɗe ba. Kada ki bari kowa ya sa ƙarfe a bakin yarinyar nan."

A gida magana ta zama rigima.

"Tiyata?" in ji Kaka Abigail. "A sa ta barci a yanka?"

"Mama, sun ce kullum suna yi."

"Haka suka ce mini a kan baban Jethro. Da ƙafarsa ya shiga ɗakin nan yana yi mini wasa. A lulluɓe aka turo mini shi." Ta gyara ɗaurin zaninta. "Duk 'ya'yan da na haifa an cire musu beli tun suna jarirai, kafin ma a kai su coci. Wa kika gani yana yawo baki a hangame? Ke ce kika haihu a asibiti kika ce ba a taɓa miki 'ya. Ga shi nan ya girma ya cika mata wuya."

"Likita ta ce ba shi ba ne."

"Likitar nan 'ya'ya nawa ta raina?"

Dorcas ta juya wurin mijinta. "Baban Hefsi, ka yi magana mana."

Jethro ya sosa ƙeya. "Ku biyu duk kuna da gaskiya."

"Ba a yin gaskiya biyu a wuyan yarinya ɗaya. Na faɗa, ba wanda zai taɓa ta. Mu jira Ista."

Suka fara jira. Dorcas tana fesa maganin safe da yamma, majinar ta ragu, amma minsharin yana nan. Ita tana kasuwa, Jethro yana kan titi. Kaka ce ke gida idan Hefsi ta dawo makaranta ta ɓingire a tabarma. Da can tsohuwar tana jin minsharin ne kawai ta yi dariya. Yanzu da aka gaya mata numfashin yana tsayawa, sai ta koma zama kusa da ita tana tsintar shinkafa, kunnenta a kan jikarta. Duk sanda ƙarar ta yanke, hannunta ma sai ya tsaya a cikin tire.

Wata rana shirun ya yi tsawo. Leɓɓan yarinyar suka fara sauya launi. Kaka ta watsar da shinkafar, ta girgiza ta tana kiran sunan Yesu, har ta farka tana tari. Da Jethro ya dawo cin abinci ta tare shi a ƙofa.

"Yarinyar nan ba za ta kai Ista ba. A hannuna za ta mutu ina kallo, matarka tana can tana auna tattasai."

"Mama, Dorcas ta ce..."

"Dorcas ce ta haife ka? Malam Zakariyya'u wanzami yana nan da ransa a Unguwar Mu'azu. Shi ya yi wa babanka aski tun yana aiki a masaƙa. Kafin ka ƙifta ido ya gama. Ba allurar barci, ba komai. In ta ga 'yarta ta warke, ita da kanta za ta zo ta durƙusa ta yi godiya."

Ba mugunta ba ce ta sa ta faɗi haka. Duk gidan ba wanda ya kai ta son yarinyar.

Ranar Asabar zumuntar matan coci suna da babban taro. Dorcas ta ɗaura zanin zumunta da ɗankwalinsa, ta fesa wa Hefsi magani, ta fita tun da safe. Tana ɓacewa Jethro ya tayar da keke.

"Hefsi, zo mu je a saya miki takalmin Ista."

"Fari, Baba?"

"Fari tas."

"Da Kaka za mu? Kaka ba ta iya zaɓe ba. Na roba za ta ce."

"Za ki ga na roba," in ji Kaka, amma ba ta yi dariya ba.

Malam Zakariyya'u wanzami yana zaune a zaurensa, zabirarsa a gefe. Dattijo ne mai fara'a. Ya tambayi Kaka bayan rabuwa, ya yi wa marigayi mijinta fatan alheri, ya ce Jethro ya ɗauko goshin ubansa. Sannan ya jawo Hefsi bakin ƙofa inda haske yake, ya danne harshenta da ɗan katako.

"Ai kuwa ya yi tsawo. Kun daɗe ba ku kawo ta ba."

"Ka gaya masa, Malam," in ji Kaka.

Jethro ya zauna, ya matse yarinyar tsakanin gwiwoyinsa, ya riƙe hannayenta. Kaka ta dafe mata goshi. Sai a lokacin Hefsi ta ga ƙarfen, mai lanƙwasasshen baki kamar ɗan lauje.

"Baba, Mama ta ce kar a..."

"In ba ki yi kuka ba, daga nan sai kasuwa. Buɗe, 'yar kirki."

Ba a ɗauki lokaci ba. Wanzamin ya nuna musu ɗan jan nama a bakin ƙarfen, ya shafa garin magani a wurin. Jini ya zo, ta tofar, ya sake zuwa.

"Zai tsaya," in ji shi. "A ba ta kunu mai ɗumi. Kada a bari tana kaki da tofe-tofe, shi ke tayar da ciwo."

"Kin ji ko, ƙawata?" in ji Kaka. "Ba tofi. Haɗiye yawunki."

Hefsi yarinya ce mai jin magana. Duk rayuwarta ana ce mata ta yi abin da ba za ta iya ba. Yau an ba ta wanda za ta iya, sai ta yi ta haɗiyewa.

Jethro ya cika alkawari, ya saya mata farin takalmi mai maɓalli. A gida ta ƙi cirewa. Ta ƙi kunun. Ta ƙi kwanciya ma, domin da ta kwanta sai ta ji wuyanta ya shaƙe. Ta jingina da bango, ƙafafu a miƙe, tana kallon takalmin.

Da la'asar Dorcas ta shigo da ledar shinkafar taro a hannu tana 'yar waƙa. Ta ga Jethro a gida a lokacin da ya kamata yana kan titi. Ta ga surukarta ta miƙe tsaye.

"Lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata. Zauna tukuna." Kaka ta kwance bakin zaninta, ta fito da wata 'yar takarda a naɗe, ta buɗe. "Ga abin da ya dame ta. An rabu da shi. Tun da muka dawo ko minshari ɗaya ba ta yi ba."

Ledar ta faɗi. Dorcas ta durƙusa gaban 'yarta. Goshin yarinyar sanyi ƙalau, ga gumi. Ta buɗe tafin hannunta, fari fat. Maƙogwaronta yana motsi, sama, ƙasa, sama, ƙasa.

"Hefsi, me kike haɗiya?"

Yarinyar ta kalli Kaka, ta kalli uwarta. Ta buɗe baki za ta amsa, sai amai ya ƙwace mata. Baƙin jini ne, guda-guda, ya wanke zanin zumuntar, ya malala a siminti.

"Jethro!" Tun da suka yi aure ba ta taɓa kiran sunansa a gaban uwarsa ba. "Tayar da keken nan!"

Ya tuƙa kamar mahaukaci. Dorcas tana baya da yarinyar a cinya, Kaka a gefe tana riƙe da ƙafafunta tana addu'a da yarensu. Wurin da aka yanka ya kumbura. Hancin kuwa tun da can a toshe yake. Baki ne kaɗai hanyar da ta rage mata tun tana ƙarama, ita ce kuma aka je aka taɓa. Kowane numfashi da ƙara yake shiga, kamar ana jan ƙarfe a kan dutse.

A bakin gada suka tarar da cunkoso. Jethro ya danna ham, ya leƙo yana ihu.

"Ku ba ni hanya! Yarinya ce! Don Allah ku ba ni hanya!"

"Kowa ma sauri yake, oga!" wani direban bas ya mayar masa. Da ya hango jinin da ke zanin Dorcas sai ya sauko da kansa yana bubbuga motoci yana buɗe musu hanya.

Hefsi ta ɗago ido. Sai da Dorcas ta kai kunne bakinta sannan ta ji.

"Mama, ban yi kuka ba."

"Na sani, uwata. Na sani. Yi shiru, ja numfashi."

A asibiti nas-nas suka karɓe ta da gudu. Aka ce ana bukatar jini. Jethro ya naɗe hannun riga yana cewa a ɗiba duka, a ɗiba har ya ƙare. Ana cikin gwada nasa likitan da ke aiki ranar ya fito, ya tambayi wace ce uwar. Dorcas ta ga yadda ya cire safar hannunsa a hankali. Ba ta jira ya yi magana ba, ta zauna a ƙasa.

Gida ya cika da masu ta'aziyya. Matan zumunta suka zo da kuloli, suka zauna a tsakar gida suna waƙoƙin ta'aziyya. Kaka Abigail tana ƙuryar ɗaki, fuskarta a bango, ba ci ba sha. Jethro yana waje a kan benci, duk wanda ya miƙo hannu ya karɓa, ba ya ɗago kai.

Kafin jana'iza yayan Jethro, Isaac, wanda dattijo ne a ikilisiya, ya kira Dorcas gefe.

"Ni zan ba da tarihinta a coci. Zan ce gajeriyar rashin lafiya. Kin ga halin da Mama take ciki. In maganar nan ta fita, ita ma binne ta za mu yi. Abin da ya faru ya faru, a rufa wa gida asiri."

Dorcas ta dube shi, ta juya ta koma cikin mata.

A coci ya tsaya gaban ɗan ƙaramin akwatin ya faɗi ranar haihuwarta da ajinta, ya ce tana son waƙa a makarantar Lahadi. Ya ce Ubangiji ya kira ta bayan gajeriyar rashin lafiya. Ya ce shi ya bayar, shi ya karɓa, kwananta ne ya ƙare. Jama'a suka ce amin.

Dorcas ta miƙe. Matar fasto ta kama mata zani, ta fizge.

"Kwananta bai ƙare ba, Baba Isaac. Jininta ne ya ƙare."

Kowa ya juyo yana kallonta.

"Ba gajeriyar rashin lafiya ba ce. Shekara bakwai 'yata tana neman iska a gabanmu, muna ɗalle mata baki. Likita ta gano ciwon, ta ce yana da magani, ta ba mu rana. Aka kai ta aka yanke mata beli, abin da ba shi ne ciwon ba. Ba na zagin Mama. Mama ta fi ni sonta. Abin da aka koya mata ta yi, kuma da yawanku a nan shi za ku yi." Ta nuna akwatin. "Ku binne ta da gaskiya. Ita ba ta taɓa yi mana ƙarya ba."

Daga bencin baya aka ji wani kuka mai kama da na dabbar da aka soka. Kaka Abigail ce. Ta taso tana dafa benci, mutane suna matsa mata, har ta iso gaba ta zube a ƙafafun surukarta.

"Ki zage ni, Dorcas. Ki zage ni in ji sauƙi."

Dorcas ta tsaya tana kallonta. Sannan ta durƙusa ta riƙe ta, su biyu a ƙasa gaban akwatin. Fasto ya buɗe littafin waƙa ya rufe. Ba wanda ya iya tayar da waƙa.

An binne Hefsi kafin Ista.

Yanzu saura ku. Akwai yaro a gidanku, ko a ajinku, ko a gidan da kuke haya, wanda bakinsa ba ya rufuwa. Yau ɗin nan, idan ya yi barci, ku zauna kusa da shi ku saurara. In yana minshari kullum, in numfashinsa yana yankewa, in yana tashi a gajiye, ana kira ba ya ji, ku ajiye bulala. Ku kai shi asibiti wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ku bi layin komai tsawonsa. In abin ya tsananta kafin ranar da aka ba ku, ku koma ku gaya musu ya tsananta, kada ku zauna a gida da tsoro. Ku tafi da kakarsa ta ji bayanin da kunnenta, ta yi duk tambayar da ke ranta. Duk wanda kuma ya ce a kai shi a cire beli, ko uwarku ce da ta haife ku, ku tsaya a bakin ƙofa ku ce a'a.